Cikin da ke maƙalewa a bakin mahaifa

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin mata kan cikin da ke maƙalewa a bakin mahaifa. Ba kasafai ake samunsa ba, amma haɗarinsa babba ne, domin alamarsa zubar jini ce, galibi babu ciwo, sai a ɗauka ɓari ne a garzaya wankin ciki, jini kuwa ya ɓalle. Idan hoton ciki ya gano shi da wuri, likitoci kan yi allurar methotrexate, maganin da ke tsayar da girman cikin, su riƙa gwajin jini har cikin ya narke, mahaifa ta tsira. Idan jini ya ƙi tsayawa, akan toshe jijiyoyin mahaifar ko a cire ta. Mai ƙaramin ciki da ta ga jini ta bar kemis, ta nufi babban asibiti irin Barau Dikko.

Mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna