Kafin a ce mana "a ba talakawa su yanke": yadda ƙuri'ar raba gardama take a doka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin gyara wata fahimta da ke yawo a majalisun hira na Kano duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, musamman a bakin masu neman jihohin Tiga da Gari, da masu barazanar yi wa ɗan majalisa kiranye: wai a ba talakawa su yanke kawai ta ƙuri'ar raba gardama, rinjayensu ya wadatar.

Wasu na kawo misalin Amurka. Gaskiya ne, a kusan rabin jihohinta jama'a kan tara sa hannu su ɗora tambaya a kan takardar zaɓe, a zaɓi "i" ko "a'a". Amma ko can rinjaye kaɗai ba ya isa a ko'ina: a 2024 a jihar Fulorida, gyaran dokar zubar da ciki ya samu kashi 57 cikin ɗari, ya faɗi, domin kashi 60 ake buƙata. Mu a Najeriya ba mu da wannan tsari. Kundin tsarin mulki na 1999 ya buɗe ƙofar ƙuri'ar raba gardama ne a kan ƙirƙirar jiha ko ƙaramar hukuma, sai kiranye.

Sashe na 8 ya ce neman sabuwar jiha sai ya samu goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Tarayya, da majalisar jiha, da majalisun ƙananan hukumomi. Sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su amince. Bayan haka sai rinjayen jihohin ƙasar nan su yarda, majalisun tarayya biyu kuma kowace ta amince da kashi biyu cikin uku. Shi ya sa tun Yankin Tsakiyar Yamma (jihohin Edo da Delta na yanzu) a 1963 ba a sake yanka wani yanki ta wannan hanya ba. Kano a 1967 da Jigawa a 1991 dukansu da dokar soja aka same su.

Kiranye ne ya fi ruɗa mutane, kuma a nan muke so a natsu. Sashe na 69 da na 110 sun shafi 'yan majalisa ne kawai, ban da gwamna. Takardar koken sai ta ɗauki sa hannun fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar, ba rabin waɗanda suka fito zaɓen baya ba. INEC za ta sa rana kowa ya zo rumfarsa da katinsa a tantance sa hannunsa. Nan ake tuntuɓe, domin an saba cika takardu da sunayen da masu su ba su sani ba, ko a tara su a kasuwa ba tare da lambar kati ba. Yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a 2018 a wurin tantancewar ya mutu. In an tsallake, a yi ƙuri'a cikin kwana 90 da miƙa koken, kuma rinjayen masu rajista ake nema. Ma'ana, wanda ya zauna a gida ya taimaki ɗan majalisar ne, ko da yana cikin masu ƙorafi.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo da alkawarin jiha, a tambaye shi wakilai nawa suka sa masa hannu, kuma majalisun jihohi nawa ya tuntuɓa. Wanda kuma aka kawo wa takardar kiranye, ya karanta kanta kafin ya dangwala, ya tabbatar a mazaɓar yake da rajista, ya kuma shirya fitowa sau biyu.

Wassalam,
Wasu masu nazarin dokokin zaɓe,
Kano.