A Auna Zugazugi Kafin a Sayi Dogon Lens

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin matasan da suka fara komawa ga babbar kyamara mai zugazugi (jakar nan mai miƙewa da naɗewa da ke tsakanin lens da fim), wadda ke cin fim mai inci 4 da 5. Wasu na zuba kuɗi a dogon lens, sai ya iso su tarar hoto ya ƙi fitowa a gilashin baya, wato gilashin bayan kyamara da ake duba hoto a saita shi. Ba laifin lens ba ne, zugazugin ne ya gaza.

Lens na yau da kullum yana buƙatar tazara tsakaninsa da fim kusan daidai da tsawonsa (wato lambar milimitar da aka rubuta a kansa, ba girman jikinsa ba), wannan ma in abin da za a ɗauka yana can nesa ne. Mai milimita 300 yana son kusan 300. In mutum na tsaye a mita 3, tazarar ta koma 333. Mai 450 kuwa, a mita 5 sai an ja zuwa kusan 495. To, yawancin kyamarorin katako masu naɗewa iyakarsu 300 da 'yan kai. Saboda haka a buɗe kyamara har ƙarshe, a sa tef daga allon lens zuwa gilashin baya, sannan a shiga kasuwa.

Wanda zugazuginsa gajere ne, mafitarsa lens irin na telefoto, wanda aka ƙera don ya yi aiki a tazarar da ba ta kai tsawonsa ba. Nikkor-T mai 360 yana saituwa a kusan 260, kuma in aka sauya ɓangaren baya na lens ɗin sai ya zama 500 ko 720. Amma da nasa illolin: yana da nauyi, da'irar hoton da yake jefawa ba ta da faɗi, kuma da zarar an karkata allon gaba sai hoto ya gusa, saiti ya ɓaci, a sake daga farko. A ganina, mai isasshen zugazugi ya bar telefoto, ya nemi Nikkor-M 300 ko Fujinon-C 450. Dukansu ƙanana ne, a ƙaramar shota Copal 1 suke (shota ita ce na'urar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga), ba sa wahalar da allon gaba.

Babban abokin gaba shi ne girgiza. Zugazugin da aka miƙe kusan rabin mita tarkon iska ne, kuma in aka tsuke ƙofar hasken lens zuwa f/32 ko f/45 shota kan daɗe a buɗe. A ɗora kyamara ta yadda nauyinta zai zauna a tsakiyar kan ƙafafun da ake girka ta, a tallafi gaba da ƙafa ta biyu, a ɗaure kowane kusa. Bayan an zare murfin fim a ɗan dakata komai ya lafa, sannan a latsa da igiyar latsawa, ba da yatsa ba. Lema tana tare iska, amma a riƙe ta a hannu, kada ta taɓa kyamara.

Dogon zugazugi kuma yakan lotsa a tsakiya ya yanke gefen hoto. A leƙa ta kusurwoyin gilashin baya: in ba a ga ƙofar haske cikakkiya ba, a tokare shi daga ƙasa ko a rataye shi ta zobensa.

Akwai lissafin hasken da ake yawan mantawa. A raba tazarar da aka ja da tsawon lens, a ninka amsar da kanta. Lens mai 300 da aka ja zuwa 450 ya ba da 2.25, wato a ƙara haske mataki ɗaya (ninki biyu ke nan) da ɗan ɗori, in ba haka ba fim ya fito da ƙarancin haske.

A nan arewa, hazon hunturu da kawalwalniyar tsakar rana suna cinye kaifin duk abin da ke nesa, komai tsadar lens. A ɗauki dutse ko hasumiya mai nisa da sassafe, ko bayan ruwan sama ya wanke sararin.

Naka,
Mai ɗaukar hoto, Kano