Wasiƙa Daga Paris: Kalmar da Ta Ƙi Fassaruwa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe min da 'yan majalisarmu ta bakin masallaci. Nan sanyi ya kankama, har na fara kewar hunturun Kano da muke ta kuka da shi.

Na ga tsokanar da ka yi min, wai an tura ni koyon ilimin fassara na ɓige da karatun 'yan daudu. To, zauna ka ji yadda aka yi.

A zangon nan muna da darasi kan yadda ra'i ke ƙaura daga wani harshe zuwa wani. Malamar ta zaɓi ra'in da ake kira queer theory. A dunƙule, masu shi suna cewa rabe-raben namiji da mace da na sha'awa ba duka ne halitta ba, al'umma ce ke gina wani sashe ta hanyar maimaici har ya zama jiki. Na san abin da addininmu ya ce, kuma ban zo nan don in sauya shi ba. Abin da ya riƙe ni shi ne tafiyar kalmar kanta.

Queer zagi ce a Turanci da ake yi wa masu neman jinsinsu, kamar ka ce wa mutum bauɗaɗɗe. Waɗanda ake zagi da ita ne suka ɗauke ta suka rataya a wuya. A 1990 Teresa de Lauretis, malamar jami'a 'yar asalin Italiya, ta haɗa zagin da kalmar ra'i a wani taro a Jami'ar California da ke Santa Cruz, tamkar mutum ya shiga zauren malamai da ashar a baki. Amma da kalmar ta ƙetare teku, sai zafin ya zube a hanya. Bafaranshe in ya ji ta ko gezau, don ba da ita aka taɓa zaginsa a filin makaranta ba. A kunnensa kalmar 'yan boko ce, wankakkiya tas.

Labarin Faransa ne ya fi ba ni dariya. Littafin Judith Butler, malamar falsafa 'yar Amurka, mai suna Gender Trouble, wanda jigo ne a wannan ra'i, ya fito a 1990. Jamusawa suka fassara shi a 1991. Faransawa kuwa sai a 2005, bayan shekara 15, alhali ginshiƙan littafin masanansu ne: Foucault da littafinsa na tarihin jima'i da ya fara fitarwa a 1976, da Lacan, da Monique Wittig. Ka tuna fatar jan akuyar Sakkwato da ake kai wa Turai a laƙaba mata sunan Maroko? Haka aka kwashi kayansu zuwa Amurka, aka jeme, aka dawo musu da shi, suka ce ba su san wannan haja ba. Dalilinsu na siyasa ne. A aƙidar jamhuriyarsu gwamnati ba ta ganin ƙungiya ko ƙabila, ɗan ƙasa kawai take gani, don haka duk ilimin da ya fara da "mu masu kaza" suna yi masa kallon rarraba kai irin ta Amurka. Ko a 2013, lokacin rigimar dokar auren jinsi ɗaya, masu zanga-zanga sun riƙa tsine wa "ra'in jinsi" a matsayin baƙon abu.

Ajinmu kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Wata 'yar Taiwan ta tashi ta zana haruffa biyu a allo, ta ce ana karanta su ku'er. An kwaikwayi sautin kalmar ne tun 1994, amma ma'anar haruffan ta koma kusan "yaro ɗan gayu". Zagi ya rikiɗe ya zama kirari. Akwai kuma tongzhi, wato kwamared, kalmar 'yan gurguzu da masu neman jinsinsu suka ara a Hong Kong suna kiran kansu da ita. Masu Sifaniyanci wasu sun ce ra'i karkatacce, kamar yadda marubucin Sifaniya Ricardo Llamas ya sa wa littafinsa a 1998, wasu kuma a Kudancin Amurka suka rubuta ta yadda bakinsu ke furtawa, cuir. Nan Faransawan ajin suka tuntsire da dariya, don a harshensu wannan rubutun fata yake nufi. Ɗan Brazil bai yi dariya ba. Ya ce a 2017 an ƙona mutum-mutumin Butler a titin São Paulo.

Sai malamar ta juyo kaina: yaya za a ce da Hausa? Wallahi na yi shiru kamar ruwa ya ci ni. Da farko ma kalmar jinsi ita kaɗai ke ɗaukar abu biyun da ra'in ke son rabawa, na halitta da na al'ada, kuma ashe Jamusanci ma haka yake fama. Daga nan na kawo musu ɗan daudu. Na kwatanta wanda muke sayen kaza a wurinsa a bakin tasha: zani ɗaure a ƙirji, matsami a hannu, yana ce wa abokinsa "ke", yana tafa hannu yana zuba habaici, ana kiran salla ya yi alwala ya shiga sahu, da yamma ya kai cefane gidan matarsa da 'ya'yansa. Wani manazarci Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da irinsu a Kano ya rubuta littafi a 2009, kuma sunan da ya sa masa ma'anarsa Allah ne ya yi mu.

Wani ɗalibi ya yi caraf ya ce ai su ne queer ɗin Hausa. Na ce a'a, tsaya. Mutumin nan bai ce yana yaƙi da rabon namiji da mace ba, bai kafa tuta ba, ya san kansa namiji ne, Musulmi, mai sana'a. Ra'in da ya taso don ƙin a liƙa wa mutum suna, ga masu ɗauke da shi suna rige-rigen liƙa wa wani. Na tuna musu da Oyeronke Oyewumi, manazarciya 'yar Najeriya, da ta yi irin wannan ƙorafi a 1997 kan yadda aka ɗora wa Yarabawa ma'aunin jinsi na Turai. Na kuma ce tun dokar Najeriya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya, mai ɗaurin shekara 14, sunan da manazarci ya rubuta yana shan shayi a Paris zai iya jawo wa mai suyar kaza abin da bai nema ba. Malamar ta ce in mayar da wannan takardar ƙarshen zango, zan miƙa ta bayan hutu.

Don haka ina da roƙo. In ka je wurin Kaka, ka tambayar min ita yadda ake zama da 'yan daudu a bikin aure da wasan bori a zamaninsu, da kalmomin da ake kiransu. Ka rubuto yadda ta faɗa, kada ka gyara mata Hausa. In an samu mai tahowa kuma, a haɗo min da yaji da kuka, nawa sun ƙare tun watan jiya.

Naka har kullum,
Amininka