Wasiƙa zuwa ga Habu: dalilin da na ajiye ɗanka a baya

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta? Nan gida kowa lafiya lau. Hajiya tana gaishe ka, ta ce turaren ya iso, Allah ya yi albarka.

Na ga saƙonka kan ƙarar da Sadiƙu ya kai ni, wai a wasan ƙwallon raga na hana shi zuwa bakin raga, na ajiye shi a baya kamar mai gadi. Bai yi ƙarya ba. Wata biyu ke nan, kullum bayan la'asar sai na sa shi ya rusuna ya haɗe hannuwa, ina jefo masa ƙwallo har fatar hannunsa ta yi ja. Ɗan naka kai ya ɗauko sak: burinsa ya daka tsalle ya maka ƙwallo da ƙasa, 'yan kallo su ɗau ihu. Ka tuna yadda kake mana a makaranta, ka buga ɗaya mai kyau, ka zubar da uku?

Labarin da na ba shi zan ba ka. Akwai wani Ba'amurke, Karch Kiraly, haifaffen 1960. Mahaifinsa mutumin Hungary ne da ya gudo bayan boren 1956, kuma shi ya fara koya masa ƙwallon raga tun yana shekara shida. A Santa Barbara ya girma, bakin teku, sannan ya ci kofin jami'o'in Amurka sau uku da jami'ar UCLA. Tsawonsa mita 1.88, wanda a wannan wasa ba dogo ba ne.

Abin da nake so ka lura da shi ya faru ne a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles. A da, mutum biyar kan jeru su jira ƙwallon da aka sako. Kocinsu Doug Beal ya ce mutum biyu sun isa, Kiraly da Aldis Berzins. Ɓangarensu na fili mai mita 9 tsawo da mita 9 faɗi, su biyu kacal suke tare shi, sauran su shirya kai hari. In karɓar farko ta lalace, mai ɗagawa, wato wanda ke ɗaga wa mai duka ƙwallo, sai ya bi ta da gudu, mai dukan kuma ya tashi a banza. Da wannan tsari suka doke Brazil a wasan ƙarshe. A 1988 a Seoul yana kyaftin suka doke Tarayyar Sobiyat, zinare na biyu ke nan.

Ya ɗan taɓa wasa a Ravenna ta Italiya, sai ya koma ƙwallon raga na kan yashi, inda mutum biyu ne a kowane gefe, babu bayan wanda za ka laɓe. A Atlanta a 1996, yana shekara 35, shi da Kent Steffes suka ɗauki zinare. Gasa 148 ya ci a kan yashi, yawanci da wata hula ruwan hoda a kansa, bai ajiye wasa ba sai 2007. Da ya zama koci kuma, shi ya kai matan Amurka masu wasan cikin zaure ga zinarensu na farko na Olamfik a Tokyo a 2021. Ba wai bai iya duka ba, ya iya sosai. Amma ni dai a ganina hannun karɓar nan ne ya riƙe shi a fili har ya haura arba'in.

Sadiƙu ya saurara, ya ce, "To Baffa, shi ma ai yana bugawa." Na ce ƙwarai, kai ma za ka buga ranar da ka miƙa wa mai ɗagawa ƙwallo goma a jere bai motsa ƙafa ba. Jiya ya kai bakwai.

In za ka aiko da saƙo, ka haɗo masa da abin kare gwiwa, siminti ya cinye masa wando biyu. Mu kuma ƙwallonmu Mikasa ɗaya ce tal, ita ma ɗinkinta ya fara buɗewa. Kuma in ya sake kiranka da ƙara, don Allah kada ka goya masa baya.

Ka gaida mutanen gidan.

Naka,
Lawal