Yadda ya kamata a rubuta matakan 'yan kareti da Turanci

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili.

Ni ina koya wa yara kareti a nan Kano, kuma wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya in ga yadda ake rubuta matakan 'yan wasanmu da Turanci a fasta da satifiket, sai a rubuta "black belt" kawai a wuce, kamar duk masu baƙin bel ɗaya suke. Kwanaki na kai aikin satifiket wani shagon buga takardu, yaron ya mayar mini da "dan" zuwa "Ɗan" da babban baƙi, shi a tunaninsa gyara ya yi, dole aka sake bugawa.

Kalmar "dan" ta Japananci ce, ma'anarta mataki, da ita ake ƙirga matakan masu baƙin bel. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokiyo a 1882, shi ya shigo da tsarin cikin wasan, daga baya kareti da takwando suka ɗauka. Sunan dai ya zo ɗaya da garinmu, amma ba alaƙa.

Wanda bai kai baƙin bel ba yana kyu ne, kuma kyu ƙasa take yi, wato mai "1st kyu" ya fi mai "8th kyu" nesa ba kusa ba, a nan iyaye suka fi rikicewa har wani uba ya zo da fushi wai an mayar da ɗansa baya alhali gaba yaron ya yi. Dan kuwa sama take hawa. Sai a rubuta "third dan" ko "3rd dan" ko "third-degree black belt", lamba a gaba, dan da ƙaramin baƙi, ba "Dan 3" ba. Matakin farko shodan ake ce masa, kuma mai shi yanzu ma ya fara karatu.

A takwando, da yake na Koriya ne, gup suke cewa maimakon kyu, yaron da bai kai shekara 15 ba kuma Kukkiwon, wato babbar cibiyar takwando da ke Koriya ta Kudu, matakin yara da ake kira poom take ba shi ba dan ba. Sensei kuwa malam yake nufi, ba mataki ba ne ko kaɗan.

Roƙona ga wakilanku na wasanni, in za su ɗauko labarin gasa su tambayi ɗan wasa matakinsa da ƙungiyar da ta ba shi, don mutum yakan shafe shekaru yana gumi tsakanin dan ɗaya da na gaba.

Naku,
Mai koyar da kareti, Gwammaja, Kano