Zuwa ga ƙanwata mai jin kunyar ramarta

Assalamu alaikum ƙanwata,

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo kika bugo waya, lokaci ya ƙure ban amsa miki yadda ya kamata ba, abin kuma ya tsaya mini a rai. Cewa kika yi: "Anti, an ce matan Turawa ne ke ƙin jikinsu, mu baƙar fata mun tsira. To ni me ya sa nake kunyar ramata har na fara shan ƙwayar ƙiba?"

Maganar da kika ji tana da tushe, amma an zuzuta ta. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Shelly Grabe da Janet Hyde, sun tattara bincike 98 suka auna. Sun tarar baƙaƙen mata sun ɗan fi farare gamsuwa da jikinsu, sai dai tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Tsakanin farare da 'yan asalin Asiya ko Latin Amurka kuwa kusan babu bambanci. Ni abin da ya fi damuna shi ne irin tambayar da aka fi yi wa matan: kina son ki rame? Da ke aka tambaya, a'a za ki ce, sai a rubuta ki cikin waɗanda hankalinsu ke kwance, alhali kuka kike a ɗaki.

Na san wannan kukan. Ni ma siririya na tashi, tsinke ake kirana a makaranta. Da na yi aure, duk gidan sunan da na shiga sai wata ta ja ni gefe: "Lafiya kuwa? Ko ba ya ba ki abinci ne?" A wurinmu ƙibar amarya shaida ce ta cewa an riƙe ta da kyau, ramarta kuwa zargi ne a kan gidan miji. Ba mu kaɗai ba ne. A Muritaniya akwai al'adar ɗura wa yarinya madarar raƙumi da gero har ta yi jiki, Larabawan Azawak a Nijar ma an san su da haka, Efik na Kalaba kuma suna da ɗakin da ake killace amarya ta murje.

Kuma ma'aunin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A tsibirin Fiji cikar jiki ake yabo, har talabijin ya shiga yankin Nadroga a 1995. Da likita Anne Becker, wadda ta yi bincike a can a 1995, ta koma a 1998, kusan kashi 11 cikin 100 na 'yan matan da ta tambaya sun ce sun taɓa tayar da amai don kada su yi ƙiba. Shekara uku kafin nan ko ɗaya babu. Mu kuwa namu ya zo mana biyu a haɗe: a cika ƙugu, a shafe tumbi. Sai ki ga yarinya ɗaya tana shan maganin ƙiba da dare, da safe tana dafa shayin rage teɓa. Wane jiki ne zai iya wannan?

Yanzu ƙwayar da kike sha. Abin da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa dexamethasone ne, ko a haɗa shi da cyproheptadine mai buɗe ciki. Na farkon ba lafiyayyen jiki yake sa wa ba: fuska ce ke kumbura, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance. Yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi, yana karya garkuwar jiki.

Don Allah idan kin ɗauki makonni kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, a hankali likita ke rage shi. Ɗauki kwalin ki tafi da shi asibiti, a auna jininki da suga, ki faɗi gaskiyar tun yaushe kika fara. In kina jin nauyin zuwa ke kaɗai, ki samu wadda kika yarda da ita a gida ta raka ki.

Taki,
yayarki