A Daina Kiran Eraserheads da "Beatles na Filifin"

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata ƙungiyar mawaƙa ta ƙasar Filifin mai suna Eraserheads, wadda na daɗe ina sauraron waƙoƙinta, kuma nake ganin ana tauye mata haƙƙi ta hanyar wani kirari da ake yi mata da sunan yabo. Duk inda aka ambace su a wajen ƙasarsu, abin da ake fara faɗi shi ne wai su ne "Beatles na Filifin". Masu faɗin haka da kyakkyawar niyya suke yi, amma kirarin yana mayar da su inuwar wasu mawaƙan Ingila, alhali kuwa abin da ya ɗaukaka su nasu ne na kansu, daga harshensu da titunan birninsu ya fito.

Samari huɗu ne suka kafa ƙungiyar a shekarar 1989, lokacin suna ɗalibai a Jami'ar Filifin da ke Diliman, a birnin Quezon. Ely Buendia shi ne jagoran rera waƙa kuma shi ya rubuta mafi yawansu, Marcus Adoro yana riƙe da jita, Buddy Zabala yana kaɗa jita mai kaurin sauti, Raimund Marasigan kuwa yana kan ganguna. Sun ɗauko sunansu daga wani fim na David Lynch, mai shirya fina-finai ɗan Amurka. Salonsu shi ne irin kiɗan rok da ya kauce wa hanyar da manyan kamfanonin faifai suka shata, kuma kamfanonin sun nuna musu hakan a fili, domin kaset ɗin gwaji da suka naɗa a 1991, mai suna Pop-U!, ya sha yawo daga wannan ofis zuwa wancan ana mayar musu da shi. Suka ci gaba da wasa a bukukuwan jami'a da wani ƙaramin gidan kiɗa da ake kira Club Dredd, har kamfanin BMG ya karɓe su, kundinsu na farko, Ultraelectromagneticpop!, ya fito a 1993.

Ban ce su ne suka fara rok da Tagalog, harshen mutanen Manila da kewayenta, ba. Ƙungiyar Juan de la Cruz ta riga su tun shekarun 1970, kuma wajibi ne a ba ta wannan matsayi. Sai dai a farkon shekarun 1990 abin da ya cika gidajen rediyon Manila shi ne waƙoƙin Amurka da kuma waƙoƙin soyayya masu sanyi, waɗanda aka goge su tas har ba a jin muryar talaka a cikinsu. Sai ga waɗannan samari da rigunansu na yau da kullum, suna waƙa da irin Tagalog ɗin da ɗalibi yake yi da abokinsa a ɗakin kwana, har da gaurayen Turancin da ke cikinsa. Waƙarsu "Pare Ko", wadda ma'anar sunanta ita ce "abokina", koke ne na saurayin da budurwa ta yaudara, kuma akwai ashar a cikinta, abin da ya sa dole aka naɗi wata sigar da aka tsabtace domin rediyo. Ni ba mai goyon bayan ashar ba ne a waƙa ko a wajenta, amma na fahimci dalilin da ya sa matasan ƙasar suka rungume ta: a cikinta suka ji ɓacin rai irin nasu, da kalmomin da ke fita daga bakinsu idan abin ya same su.

Ni kaina ban san zurfin abin ba sai da wani abokin aikina ɗan Filifin ya zaunar da ni wata rana bayan an tashi aiki, ya sa mini "Ang Huling El Bimbo" a wayarsa, yana tsayar da ita baiti bayan baiti yana fassara mini. Waƙar tana cikin kundinsu na uku, Cutterpillow, na shekarar 1995. Labarin wani yaro ne da ke zuwa gidan wata yarinya bayan an tashi makaranta tana koya masa rawa, ya kamu da sonta bai taɓa furtawa ba. Shekaru suka shuɗe, sai ya ji cewa ta haihu ba ta da miji, tana wankin kwanuka a unguwar Ermita, daga baya kuma mota ta take ta a wani lungu mai duhu. Da muka zo wannan wuri abokina ya yi shiru, ya ajiye wayar a kan tebur, ya ɗan jima kafin ya ci gaba. Mutum ne mai 'ya'ya, ya haura shekara arba'in, kuma ya ji waƙar sau ba adadi. Abin da na lura da shi shi ne yadda waƙar take farawa da kiɗa mai daɗi kamar ta yara, ta ja mai sauraro a hankali har ta kai shi ga talaucin birni da mutuwa, ba tare da ta yi masa wa'azi ko sau ɗaya ba. Wannan Ermita ɗin ta Manila ce, yarinyar kuma 'yar Manila ce, babu wani mawaƙin Liverpool, garin su Beatles, da zai iya rubuta ta. Bidiyon wannan waƙa ne ya ba su kyautar tashar talabijin ta kiɗa MTV ta zaɓin masu kallo na nahiyar Asiya a 1997, suka je New York suka karɓa.

Hukuma ma ta lura da su. A 1995 Sanata Tito Sotto ya nemi a hana sa waƙarsu "Alapaap", daga kundin Circus na 1994, bisa zargin cewa tana kwaɗaitar da matasa shan ƙwaya, su kuwa suka amsa a rubuce cewa waƙar a kan 'yanci take magana. Ana iya yarda da su ko a ƙi, amma ƙungiyar da ɗan majalisar dattawa zai tashi ya yi magana a kan baitocinta ta riga ta wuce matsayin masu kwaikwayon baƙi.

Adalci ya sa in faɗi cewa sun yi waƙoƙi da Turanci, kuma ɗaya daga cikinsu, "With a Smile", tana cikin waɗanda aka fi so har yau. Amma kundin Fruitcake na 1996, wanda suka yi shi gaba ɗaya da Turanci, bai samu irin karɓuwar da na gabansa ya samu ba, kuma a ganina wannan ba haɗari ba ne. Bayan shi sun fitar da Sticker Happy a 1997, da Natin99 a 1999, da Carbon Stereoxide a 2001, suna ta gwaje-gwajen sauti da na'urori, wasu masoya suka bi su, wasu suka tsaya a baya. A 2002 Buendia ya fice, kuma ba a rabu cikin daɗi ba. Kowa ya kama gabansa: Buendia ya kafa ƙungiyar Pupil daga baya, Marasigan ya mayar da hankali ga ƙungiyar Sandwich, Zabala ya yi wasa da ƙungiyar The Dawn, Adoro kuwa ya koma bakin teku a lardin La Union.

Abin da ya biyo bayan rabuwar ne ya fi nuna mini matsayinsu. A ranar 30 ga Agustan 2008 suka sake haɗuwa domin yin wasa a Taguig, a yankin Manila, kwana biyu kacal bayan rasuwar mahaifiyar Buendia, shi kuma dama ya taɓa samun bugun zuciya a shekarar da ta gabata. Wasan ya kai rabi jikinsa ya gaza, aka garzaya da shi asibiti, dubban mutanen da suka sayi tikiti suka watse ba tare da tarzoma ba, da yawansu addu'a suke yi masa. Aka ƙarasa wasan a ranar 7 ga Maris 2009 a filin Mall of Asia, gaban jama'ar da aka ƙiyasta sun kai dubu 100, kwana ɗaya bayan rasuwar abokinsu mawaƙi Francis Magalona, wanda aka shirya zai hau dandali tare da su. A ƙarshen wasan Buendia ya cinna wa tsohon fiyanon da ke bangon kundin Sticker Happy wuta, jama'a suna ta rera waƙar ƙarshe. Duk wanda ya kalli hoton wannan dare zai ga cewa muryar mutane ta kusa danne ta mawaƙan.

Ko a lokacin da ƙungiyar ba ta tare, waƙoƙin sun ci gaba da tafiya da ƙafarsu. Nasarar da suka samu ita ta sa kamfanonin faifai suka buɗe ƙofa ga ƙungiyoyi irin su Rivermaya da Parokya ni Edgar. A 2005 wasu mawaƙan ƙasar suka haɗu suka sake rera waƙoƙinsu a kundi guda domin girmamawa, a 2018 aka gina wasan kwaikwayo na dandali a kansu a Manila, kuma a Disambar 2022 da mutanen huɗu suka sake hawa dandali a Parañaque, a yankin Manila, cikin masu kallo akwai matasan da ba a ma haife su ba lokacin da Cutterpillow ya fito.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan shafin nishaɗi na wannan jarida zai taɓo mawaƙan ƙasashen Asiya, a kira Eraserheads da sunansu kawai, a kuma nemi wanda ya ji Tagalog ya fassara wa masu karatu ko da waƙa ɗaya ce daga cikin nasu, kamar yadda abokina ya yi mini.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum